Takardar Koke Kan Shirin Sake Tace Ruwan Ƙazanta da Zubar da Masai a Rafinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma da Majalisar Kansiloli,
Ta hannun Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma irin na mabiya ga shugabanninsu, mu 'yan lambu, masu buga bulo da masu wankin mota na wannan gefe na Abuja muke gabatar da kukanmu.

A daren Talatar makon jiya motocin yashe masai sun sake juye kayansu a rafinmu, sama da inda muke kafa injinan ban ruwa. Gari ya waye ruwa ya yi baƙi ƙirin, wari ya hana sallar asuba a masallacin bakin gada. Waɗanda suka tayar da inji kafin haske ya fito sun shayar da latas da kabeji wannan ƙazanta, kuma ba sai mun faɗa wa shugabanni cewa latas ɗanye ake cin sa ba. An tumɓuke fangali da yawa an zubar. Wasu kuwa, tsakani da Allah, sun wanke nasu sun kai kasuwa, don bashin taki na wuyansu. Mun sha kai ƙara, mun rubuta, an zo an duba, an ce za a yi wani abu. Motocin ba su fasa ba.

Muna cikin haka muka ji cewa majalisa na nazarin kuɗin shiga shirin sake tace ruwan ƙazanta tare da maƙwabtan ƙananan hukumomi, har wasu na cewa a jingine shi saboda tsada. Allah ya ba ku nasara, ruwan ƙazantar nan ai muna amfani da shi tun tuni, sai dai ba a tace ba. Wannan lissafin ma a sa shi a takarda: kuɗin maganin amai da gudawa da tsutsar ciki, da amfanin gonar da ake zubarwa, da ruwan 'yan garuwa da ake saye a kwaɓa siminti.

Aikin ba ɓoyayye ba ne. Raga ta fara tare leda da tsumma, yashi ya kwanta a rami na gaba, dagwalo ya zauna a tanki. Daga nan a hura wa ruwan iska don ƙwayoyin bakteriya su cinye dattin, a sake kwantar da shi, a bi da shi ta matatar yashi, sannan a sa kulorin. Matatar ruwan ƙazanta ta Wupa da ke Abuja irin wannan aiki na hura iska take yi wa ruwan magudanun cikin birni kafin ta sake shi a kogi. Inda gizo ke saƙa shi ne wuta. Injin hura iska ba ya son hutu. In aka ɗauke wuta babu dizal, ƙwayoyin su mutu, ruwan ya fito yadda ya shiga, kuma sai an yi makonni kafin tankin ya farfaɗo. Duk kasafin da ya ƙidaya gini ya manta dizal da kayan gyara da albashin mai kula, kango zai haifa.

Don haka muke roƙon a duba hanya mai arha a nan wajenmu: kududdufai uku a jere. Na farko mai zurfin mita 3 zuwa 4, inda dagwalo ke zama ya ruɓe. Na biyu kamar mita ɗaya da rabi. Na uku mita ɗaya, inda rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan ya yi makonni uku zuwa huɗu yana ratsa su. Fili suke ci, ba wuta ba. Sai an daɓe ƙasansu da laka ko leda mai kauri don kada su gurɓata rijiyoyin burtsatse, a riƙa share ciyawar baki saboda sauro, a yashe na farko duk bayan 'yan shekaru. Nan ne kuma motocin masai za su sami wurin juyewa na halal.

Ma'auni ma akwai shi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 kan ruwan shayar da kayan da ake ci ɗanye ta ce kada ƙwayoyin cutar bayan gida su wuce 1,000 a mililita 100, ƙwan tsutsa kuma kada ya wuce ɗaya a lita. A riƙa gwadawa a liƙa sakamakon inda kowa zai gani. Ba mu ce a ba kowa ya sha ba, ko da yake birnin Windhoek na Namibiya yana shan irinsa tun 1968. Mu dai na lambu da bulo da wankin mota muke nema. Ba daidai ba ne ruwan da aka janyo daga Gurara zuwa madatsar Usuma, aka tace shi da tsada, ya ƙare a wankin taya.

In za a ja bututu, a bambanta launinsa da na ruwan sha kamar yadda ake yi masa shunayya a Amurka, don mai gyaran famfo ɗaya in ya haɗa su bisa kuskure ya gama da unguwa. Amma jan bututu ne ke cinye kuɗi. A fara da wurin ɗiba guda inda tankoki za su yi lodi. A kuma tuna damina ba ma saye, sai a tanadi inda rarar za ta bi.

Ranka ya daɗe, muna roƙon a sa masu gadi a bakin gada daga yau, a kama motocin nan a ci su tara. A auna ruwan rafin a gaya mana ko mu ci gaba da ban ruwa ko mu dakata. A gayyaci wakilanmu ranar da majalisa za ta zauna kan kuɗin. Kuma don Allah a hana juye masai a rafin nan, rani bai ko yi rabi ba.

Allah ya ƙara wa shugabanni lafiya da adalci.

Mu ne masu biyayya,
Wakilan 'yan lambu, masu bulo da masu wankin mota, a madadin jama'ar unguwa.