Wasiƙa Kan Yaronmu da Aka Ɗauko Daga G League

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso, kuma na taya ku murna ƙwarai. Ɗan ƙanenka ya taka filin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai na ga ranka a ɓace, kana cewa yaron da yake zuba maki ashirin a G League, ƙaramar gasar da ke ƙarƙashin NBA, an kira shi sama an ajiye a benci, sai wasa ya kusa tashi a sa shi minti uku ko huɗu. Har kana shirin buga masa waya ka ce ya je ya tunkari koci. Don Allah ka dakata ka karanta wannan tukuna.

Abu na farko, ka tambaye shi wane irin kwantiragi ya sa wa hannu, domin kiran iri-iri ne kuma kowanne da hukuncinsa. Akwai na kwana goma. Ana fara bayar da shi daga 5 ga Janairu, ƙungiya ɗaya ba ta da ikon ba shi fiye da sau biyu a kaka guda, bayan haka ko ta riƙe shi har ƙarshen kaka ko ta sallame shi. Galibi ana kiran mai irin wannan ne saboda rauni ya kwantar da mutum biyu ko uku, ana neman wanda zai cike gurbi. Kuɗinsa ba laifi: a kakar 2024-25 sabon shiga yana samun kusan dala 66,000 a kwana goman nan, alhali albashin kaka sukutum a G League a lokacin dala 40,500 ne.

Akwai kuma kwantiragin raba-ƙafa, wanda aka fara a 2017, inda ɗan wasa yake na babbar ƙungiya da ƙaramarta a lokaci guda. Kowace ƙungiya tana da gurbi uku na irinsa tun 2023, ana biyan rabin mafi ƙarancin albashin sabon shiga, wato kimanin dala 578,000 a waccan kakar. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Wasa 50 kaɗai aka yarje masa cikin 82, kuma lissafin na ranar da aka sa sunansa cikin masu shirin shiga ne, ko ya taɓa ƙwallo ko bai taɓa ba. Shi ya sa wani dare za ka gan shi da kayan gida a bayan benci lafiyarsa ƙalau. Ƙungiyar tana tattalin wasanninsa ne saboda watan Maris da Afrilu, lokacin da gajiya da rauni suke yawa. Kuma ba zai buga wasannin fitar da gwani ba, wato na neman kofi da ake yi bayan wasa 82 ɗin nan, sai an mayar da shi cikakken ɗan ƙungiya cikin mutum 15.

Yanzu ga lissafin minti. Wasa minti 48 ne, mutum biyar a fili, ka ga minti 240 ke nan ake rabawa. Manyan biyar suna cinye 30 zuwa 36 kowannensu, wajen 165 sun tafi. Mutum huɗu na farko a benci su raba kusan 70. Abin da ya saura bai taka kara ya karya ba, kuma mutum biyar ko shida ne ke jiransa. Yawancin kociyoyi mutum tara ko goma suke juyawa, in an shiga fitar da gwani su rage zuwa bakwai ko takwas. Yaronmu a yanzu shi ne na goma sha uku ko sha huɗu. Kafin ya samu minti goma sha biyu a kai a kai, dole a karɓe su daga hannun wani da ake biyan miliyoyi, wanda kocin ya sani shekara da shekaru.

Makin da yake ci a ƙasa kuwa, kada ka dogara da shi. A can ƙwallo a hannunsa take, yana jifa sau goma sha takwas a dare, in ya ɓarar babu mai cire shi. Babbar ƙungiya tana da masu wannan aikin tuni, don shi ta saye su. Abin da koci yake kallo ga sabon yaro daban ne, kuma yawancinsa ba ya fitowa a takardar maki. Idan an rasa ƙwallo, shi ne farkon komawa gida a guje ko tsayawa yake yana ɗaga wa alƙalin wasa hannu? Idan abokan hamayya suka kafa shinge, wato ɗayansu ya tsaya ya tare wa mai tsaro hanya da jikinsa, ya san tsarin wannan daren, musanyar mutum za a yi ko zagayawa zai yi ta saman shingen ya bi nasa? Yana buɗe baki ya sanar da na gabansa cewa shinge na zuwa ta hagu? Kuskure ɗaya a nan maki uku ne a kwandonsu, kuma washegari kowa zai gani a bidiyo.

Ƙwararrun 'yan wasa suna farautar sabon shiga da gangan. Da ya shigo za su kira wanda yake tsaro ya zo ya kafa shinge, don a tilasta musanya ya faɗa gaban gwaninsu. Sai gwanin ya yi kamar zai yi jifa, yaro ya yi tsalle, ya faɗo a kansa, alƙali ya busa. Laifi biyu cikin minti uku, an mayar da shi benci, wataƙila sai bayan mako. Maganinsa shi ne ƙafa a ƙasa, hannu a miƙe sama, ya bar gwanin ya yi jifa mai wuya. In ta shiga, babu kocin da zai zarge shi.

A ɓangaren kai hari aikinsa kaɗan ne amma yana da tsauri. Ya ruga zuwa kusurwa ya tsaya can sosai, kada ya riƙa matsowa wajen ƙwallo yana toshe wa gwanin ƙungiyarsa hanya. Layin maki uku a kusurwa ƙafa 22 ne, a tsakiya ta gaban kwando kuma ƙafa 23 da inci 9, don haka jifan kusurwa shi ne mafi sauƙi kuma shi za a ba shi. Idan ƙwallo ta zo yana fili, ya jefa nan take. Sabbin shiga suna lalacewa ta hanya biyu: wani tsoro ya sa ya ƙi jifa ya miƙa wa wani saura daƙiƙa uku cikin daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa, wani kuma ya ce yau sai an san shi, ya yi ta buga ƙwallo a ƙasa har a ƙwace. Dukansu benci suke komawa.

Mintunan ƙarshen nan da ka raina, mataimakan koci suna yanka bidiyonsu ɗaya bayan ɗaya. Haka sauran ƙungiyoyi 29 suna kallo, kuma mai kwantiragin kwana goma in ya ƙare kowace cikinsu tana iya ɗaukarsa. Ka kuma ce masa ya kula da numfashinsa, don zaman benci na mako biyu yana cinye ƙarfin gudu. Akwai wasan uku-da-uku da ake haɗa wa marasa minti da safe ko bayan atisaye, kada ya sake ya wuce shi. Ya nemi mai kula da bidiyo ya haddace sunayen dabarun ƙungiyar, domin in koci ya kira dabara ya tsaya yana waige-waige, an gama da shi a wannan daren.

In kuma aka mayar da shi ƙasa, kada gida ya ɗauka an kore shi. Dubi Pascal Siakam, ɗan Duwala ta Kamaru. Toronto Raptors ta zaɓe shi na 27 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2016, ya fara wasa 38 cikin biyar na farko, sannan da aka kawo Serge Ibaka a Fabrairun 2017 ya rasa gurbinsa. Ya sauka Raptors 905, suka ci kofin ƙaramar gasar, aka ba shi gwarzon wasan ƙarshe. A 2019 ya ɗauki kofin NBA da lambar ɗan wasan da ya fi ci gaba. Gabe Vincent na tawagar Najeriya ma babu wanda ya zaɓe shi a 2018. Daga Stockton Kings ya samu kwantiragin raba-ƙafa da Miami Heat a Janairun 2020, wasa tara kawai ya buga a kakar, bai samu cikakken kwantiragi ba sai 2021, amma a wasan ƙarshe na 2023 yana cikin biyar na farko. A ganina, ga yaro mai shekarunsa, minti 32 a G League ya fi minti uku a NBA amfani, muddin babbar ƙungiyar tana bibiyarsa. Ba kowa ne ke dawowa ba, gaskiya, da yawa Turai suke wucewa, kuma can ma sana'a ce mai rufin asiri.

Batun koci kuwa, ba a tunkararsa da ƙorafi. Yaron ya samu mataimakin da aka haɗa shi da shi, ya tambaya: wane abu ɗaya zan gyara a ƙara yarda da ni? Maganar kwantiragi aikin wakilinsa ne. Ku ma a gida ku taimaka masa: kada kowa ya hau Facebook yana zagin koci da sunan iyali, kuma ku rage masa buƙatu yanzu, saboda bayan haraji da kason wakili kuɗin ba su kai yadda ake ji ba, kwantiragin kuma yana iya yankewa kowane lokaci. Lokacin da damarsa ta fi kusa shi ne sa'ad da aka yi wasa dare biyu a jere aka hutar da manya, da kuma bayan rufe cinikin 'yan wasa a farkon Fabrairu, lokacin da gurabe suke buɗewa.

Ka aiko mini da irin kwantiragin nasa da yawan wasannin da aka riga aka lissafa masa, sai mu san inda yake tsaye. Ka gaida Hajiya da yara, ka isar da barkata ga mahaifinsa. Allah Ya tsare shi daga rauni, Ya sa albarka.

Naka,
amininka na kullum.