Hayaƙin madafinmu da maganar tashar nukiliya

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan batun gina tashar lantarki ta nukiliya a Najeriya, wanda aka daɗe ana yi, har aka ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom. Ni tsohon malamin kimiyya ne a sakandare, na yi ritaya na koma gona. Wuta kam muna so, don a garinmu sai mu kwana bakwai ba mu ga ƙyallinta ba.

Da hutun babbar sallah ɗan ƙanena da ke digiri na biyu a fannin injiniya ya zo gida, ya kafa kwamfutarsa a zaure yana ta fama da wani zane na akwatuna da layuka. Na ce, "Kai yaro, wannan fa?" Ya ce, "Baffa, ɗakunan da ke cikin ginin kankaren da ake lulluɓe tukunyar nukiliya da shi ne. So nake in gano inda iskar haidurojin za ta bi idan aka yi hatsari."

Idan ruwan sanyaya tukunya ya yanke, bututun ƙarfen zarkoniyom da ake zuba makamashin nukiliya a ciki sukan yi zafin da ya haura digiri 1,000, su haɗu da tururi, sai haidurojin ta fito. Ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi kusan sau 14, don haka sama take yi. Da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tana iya kamawa da wuta.

Ina jin haka na ja hannunsa zuwa madafi. Uwargida na tuƙa tuwo da wutar kara, tana zaune a kan 'yar kujera, ko tari ba ta yi. Mu da muke tsaye, nan da nan idanunmu suka kawo ruwa. Hayaƙin ya taru a sama ya yi shimfiɗa, azara duk ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ƙasa kuwa tas. Ƙofa ɗaya ce, amma aiki biyu take yi: hayaƙi na fita ta samanta, iska mai sanyi na shigowa ta ƙasanta.

Yaron ya yi dariya ya ce ai abin da ya hana shi barci ke nan. Manhajojin kwamfuta da aka saba aiki da su wajen wannan lissafi, irin su MELCOR ta cibiyar bincike ta Sandia a Amurka, sukan ɗauki kowane ɗaki kamar ƙwaryar koko da aka dama sosai, sama da ƙasa duk ɗaya. Ƙofar da ke tsakanin ɗaki da ɗaki kuma su mai da ita hanya guda, in ba mai lissafin ya raba ta biyu ba. To ka ga, kwamfuta na iya cewa haidurojin kashi 3 ce a ɗaki, hankali ya kwanta, alhali a can ƙarƙashin rufi ta wuce ma'aunin kamawa da wuta. Da da irin wannan lissafin za a auna madafinmu, cewa za a yi ni da uwargida hayaƙi ɗaya muka shaƙa. Akwai wata hanyar da ake yanka ɗakin gida-gida har miliyoyi, ta fi gano gaskiya, sai dai cin lokaci da buƙatar manyan kwamfutoci. Shi ya sa Turawa ba su tsaya ga allo kaɗai ba. A Siwizalan akwai wurin gwaji mai suna PANDA, a Jamus akwai THAI, manyan tankunan ƙarfe ne da ake sakin iskar hiliyom a ciki maimakon haidurojin, tunda ita ma ba ta da nauyi kuma ba ta kamawa da wuta, a auna inda ta taru, a gwada da abin da manhaja ta faɗa.

Kada wani ya ce surutun malamai ne. A tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan, bayan girgizar ƙasa da tsunami na ranar 11 ga Maris 2011, haidurojin ta fasa ginin tukunya na ɗaya ranar 12, na uku ranar 14, na huɗu ranar 15. Na huɗun nan shi ya fi ba ni tsoro, don a lokacin babu makamashi a tukunyarsa, an kwashe saboda gyara. Iskar daga na uku ta biyo bututun da suke tarayya a kai ta shige masa.

Roƙona ga hukumomin nukiliya na ƙasa shi ne wannan. Duk ƙasar da za ta gina mana tasha, da takardun lissafinta za ta zo, kuma mai tallar fura ba ta cewa furarta ta yi tsami. Wa zai buɗe takardun ya tambaya ɗaki nawa aka raba ginin, ƙofa ta wace hanya aka lissafa ta, na'urorin da ke cinye haidurojin a ina aka rataye su? Muna da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tun 2004, ke nan ba daga sama za a fara ba. A ƙara mata wurin gwajin tafiyar iska tsakanin ɗakuna, ko da tankuna biyu ne da bututu, yaranmu su auna da hannunsu tun kafin a aza tubali.

Bayan tafiyar yaron na kira magini ya huda taga a bangon madafi, dab da azara. Uwargida ta ce shekara 20 tana faɗa mini, sai da kwamfuta ta zo na ji.

Tsohon malamin kimiyya,
daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.