Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Gidaje da Ƙananan Hukumomi na Birtaniya

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tambaya ɗaya ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu mota a Ingila, musamman mu baƙi: idan kamfanin karɓar bashi ya aiko da wasiƙa mai jan rubutu kan kuɗin fakin, da gaske kotu za a je?

Amsar ita ce, wani lokaci ana zuwa, amma mai wasiƙar ba shi da ikon da yake nunawa. Ba ma'aikacin kotu ba ne, ba zai shiga gidan kowa ba, ba zai ɗauki ko cokali ba. Kamfanin fakin ne ke iya shigar da ƙara, kuma sai ya fara aiko da takardar gargaɗi mai wa'adin kwana 30. Bayan ita ne sammaci ke zuwa, galibi daga cibiyar kotu ta Northampton, da kwana 14 na bayar da amsa.

A nan ɓarnar take. Wasiƙun barazanar sun yi yawa, kowacce tana cewa ita ce ta ƙarshe, har mutane sun kasu biyu. Wasu tsoro ya sa suna biya nan take, da ƙarin fam 70 na masu karɓar bashi a kan fam 100 na tarar fakin, ko da allon gargaɗin wurin ba ya karantuwa. Wasu kuma sun gaji, suna jefa komai a shara, har da sammacin gaske. Sai a yanke hukunci a bayan idonsu, sunansu ya zauna a rajistar waɗanda kotu ta yanke wa hukuncin bashi shekara 6 in ba su biya cikin wata ɗaya ba. Mai neman hayar gida ko rancen banki ya san abin da hakan ke jawowa. Wanda ya sauya gida ma sau da yawa ba ya ganin takardar sam.

Kuma hannun gwamnati na ciki. Dokar 2012 ce ta ba kamfanonin fakin masu zaman kansu damar bin mai mota ko ba shi ke tuƙi ba, hukumar DVLA mai rajistar motoci kuma tana ba su adireshinmu a kan fam 2.50. Tun da Kotun Ƙoli ta amince da cajin fam 85 a shari'ar wani direba mai suna Beavis a 2015, kasuwar ta buɗe, yanzu takardun tarar fakin sun haura miliyan 12 a shekara.

Majalisa ta yi doka a 2019 don a tsara ƙa'idojin wannan sana'a. An fitar da su a Fabrairun 2022, sun rage kuɗin, sun kuma hana ƙarin na masu karɓar bashi. Kamfanonin suka garzaya kotu, gwamnati ta janye su a watan Yuni. Aka bar kura da gadin akuya, ƙungiyoyin kamfanonin suka rubuta wa kansu ƙa'ida.

Mai girma Minista, ina roƙon ku dawo da haramcin ƙarin fam 70 ɗin nan. Ku kuma tilasta wa kowace wasiƙar bashi ta faɗa a layin farko, da manyan baƙaƙe, cewa ba daga kotu take ba, kuma babu hukuncin da aka yanke. Sannan kada a bari kamfani ya kai ƙara sai ya tabbatar da adireshin da mutum yake zaune a yanzu.

Na gode,
Wani direba mazaunin Ingila