Wasiƙa zuwa ga mutumina na Winnipeg, ƙasar Kanada

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Jiya ƙaninka ya leƙo gareji ya ce ka sayi mota. Allah ya sanya alheri, ya tsare. Amma da ya ce kana cigiyar baƙin mai 20W-50 a can, wai shi ka saba gani muna zubawa, sai da na ajiye sifana. Don Allah kar ka zuba shi.

Ka tuna zumar Goggo da hunturu, yadda sai an jingina kwalbar kusa da murhu kafin ta yarda ta zubo? Haka mai yake, sanyi na ƙara masa kauri, zafi na tsinka shi. Mu nan rana ke dafa inji, motocinmu kuma tsofaffi, shi ya sa muke son mai kauri. Ku kuwa sanyinku kan wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Lambar farko, wadda ke tare da W, ita ke nuna halin man cikin sanyi: mai 20W a digiri 15 ƙasa da sifili ake gwada tayar da inji da shi, 5W a 30, 0W a 35. Lamba ta biyu kaurinsa ce idan ya kai zafin digiri 100. In ka murza makulli da asuba man ya yi tauri, famfo zai yi ta ja bai kai shi sama ba, ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe, batir na nishi. A 'yan daƙiƙun nan inji ke cin kansa. Buɗe littafin motar, abin da suka rubuta shi za ka saya. Wayar nan da ke leƙowa ta gaban mota kuma ta ɗumama inji ce, a jona ta da wuta. Kai da ko tayar keke ba ka taɓa liƙewa ba, ban yarda ka yi wa kanka bakanike ba.

Af, babban yarona da ke karatun injiniya ya ba ni wani labari. A Jami'ar Queensland ta Ostireliya an zuba kwalta a mazurari tun 1927, irin wadda in ka buga mata guduma sai ta farfashe, amma a hankali tana gangarowa. Ɗigo tara kacal ta yi, na taran a 2014. Har yau abin yana cikin raina.

Mai shayin bakin tasha ya ƙara aure, an sha biki, kowa na tambayarka. Rufin masallacinmu ma an gama.

Ka turo mini hoton murfin da ake zuba man, sau da yawa lambar na jiki. Ka gaida uwargida da yara, Hajiya ma tana gaishe ku.

Naka,
Abokinka na gareji