Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Kiwon Kajin Nama

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Tarurrukan wata-wata sun gudana, ban da na watan azumi da aka ɗage kamar yadda aka saba.

Abin da ya fi komai armashi a bana shi ne taron bitar haɗa abincin kaji. Ɗakin ya cika har wasu suka tsaya a bakin taga, ciki har da waɗanda ma'aji ya shekara yana nema bai same su ba. Tsadar waken soya ce ta kawo maganar, domin wasunmu sun ji ana tallan tunkuzar rapsid da ake shigowa da ita, suna tambaya ko za ta maye gurbinsa. Masanin abincin dabbobi da muka gayyato ya yi bayani dalla-dalla, ga kuma abin da muka rubuta saboda waɗanda ba su zo ba.

Rapsid dangin kabeji ne, ana noma shi a ƙasashe masu sanyi kamar Kanada, Sin da Turai, da kuma Indiya, ba a gonakinmu ba. Iri biyu ne, kuma nan ake yin asara. Tsohon irin yana da sinadarin gulukosinolet mai yawa. Yana da ɗaci, kaza ta rage ci, sannan yana hana jikinta amfani da aidin, sai maƙoƙo ya kumbura, hanta ta girma, girma ya tsaya. Irin da aka gyara a Kanada cikin shekarun 1970, wanda ake kira kanola, gulukosinolet ɗinsa kaɗan ne, bai kai maikuromol 30 (ma'aunin ɗakin gwaji ne) a kowane giram ba. Duk wanda zai saya ya nemi takardar gwajin buhun, domin da ido ba a bambance su.

Furotin na tunkuzar kanola kusan kashi 36 cikin ɗari ne, na soya kuwa 44 zuwa 48. Ke nan kilo 10 na kanola ne ke tsaya wa kimanin kilo 8 na soya, ragowar kilo biyun kuma daga gurbin masara yake ci. Ga ɓawo da yawa da kaza ba ta narkarwa, don haka ƙarfin abincin yana raguwa, dole a ƙara mai. Laisin ɗinta ma, wato wani sinadarin gina jiki da ke cikin furotin, bai kai na soya ba, sai an ƙara na gari. Yawancin fosfaras ɗinta, sinadarin da ke gina ƙashi, a ɗaure yake, idan ba a sa faitas (sinadarin da ke kwance shi) ko an daidaita garin ƙashi ba, ƙafafu ne za su fara nunawa. A abincin 'yan tsaki kada a wuce kilo 10 cikin 100. Bayan sati uku ana iya kaiwa 15 zuwa 20, a hankali, ba rana ɗaya ba. Idan ba a tabbatar kanola ce ba, kilo 5 ya isa. Tunkuzar da ta yi baƙi ƙirin tana warin ƙuna wuta ta yi mata yawa, laisin ya riga ya lalace. Masu haɗawa da kajin ƙwai su kula: wasu kaji masu jan ƙwai sukan fitar da ƙwai mai ƙarnin kifi idan aka cika musu ita.

To, a wurin taron aka amince a gwada a gonar ɗaya daga cikinmu: 'yan tsaki 100, a raba biyu, rabi a kan soya zalla, rabi da kanola, a riƙa awo kowane sati har sati shida, a rubuta abincin da aka ci da waɗanda suka mutu, a yanka kaɗan a duba hanta. Ba a yi ba. Mun ji ana cewa kwamiti ya yi barci. Kwamiti bai yi barci ba. An share ɗakin, an yi feshi, an shimfiɗa dusar katako. Dillalin da ya kawo samfur ya kasa nuna takardar gwaji, mu kuma ba za mu zuba wa kajin ƙungiya abin da ba mu san irinsa ba. Kuɗin kai samfurin ɗakin gwaji daga asusu zai fito, asusun kuwa kowa ya san halin da yake ciki. Sikelin ma na aro ne, mai shi ya karɓi abinsa.

Haka maganar sayen masara a dunƙule lokacin kaka ta bi ruwa. Waɗanda suka fi ɗaga murya a kai ba su kawo ko sisi ba, da farashi ya tashi kuma su ne suka fara kiran waya. Fiye da rabinmu ana binsu kuɗin wata, wasu tun na bara. Ma'aji aikin sa-kai yake yi, da katin wayarsa yake kiranku, shi ma yana da kaji da ke jiran ruwa.

Rigakafin cutar Gumboro da na Lasota (maganin rigakafin cutar Niyukasil) na haɗin gwiwa ya tafi daidai ga waɗanda suka kawo kulolinsu da ƙanƙara a kan lokaci.

A zama mai zuwa za a karanta sunayen masu bashi, sannan a yanke ko gwajin zai tsaya a kan kanola ko a fara da tunkuzar gyaɗa da muke da ita a kusa. Kowa ya zo da katinsa na biya.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti