Kafin A Sauke Ƙaramar Mota Ƙasa: Zaɓen Gajeren Sifirin Da Ɗaura Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani aiki da masu ƙananan motoci masu zafin gudu, irin su Honda Civic Si da Volkswagen Golf GTI da Ford Focus ST, ke yawan kai wa kanikawa, wato cire sifirin da mota ta zo da shi, naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta a kowace ƙafa, a sa gajere don ta kwanta ƙasa. Aikin yana da amfani idan an yi shi yadda ya kamata. Nauyin motar yakan matso kusa da ƙasa, ta rage karkata a kwana, ta rage dungura gaba idan an taka birki. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu yi suna tambayar milimita nawa motar za ta sauka, ba sa tambayar milimita nawa zai rage wa ƙafar ta motsa.

A jikin sandar kowane shokazoba akwai wata roba mai kama da soso, wadda ke tare shi kafin ƙarfe ya bugi ƙarfe, ita ce robar tarewa. Tazarar da ke tsakanin jikin shokazoba da wannan roba ita ce filin da ƙafa ke da shi na shanye rami da tudu. Duk abin da aka sauke motar, daga wannan fili aka ɗebe shi. A ce akwai milimita 70, aka sauke motar da 50, saura 20 ke nan. Shi ya sa sifirin kirki ba gajarta shi kawai ake yi ba, ana ƙara masa tauri gwargwadon filin da aka rasa. Mai araha, wanda yake gajere kuma mai laushi, yana barin motar ta zauna a kan robar. Da zarar ta zauna a kai, taurin ƙafar yakan haura farat ɗaya, sai taya ta riƙa tsalle a kwanar da ke da gargada maimakon ta manne da kwalta. Mai motar yana ganin ya sayi riƙon hanya, alhali ya sayar da wanda yake da shi.

Ga motar da ake hawa kullum, ni a ganina milimita 25 zuwa 35 ya wadatar. Samfurin Pro-Kit na kamfanin Eibach yawanci a nan yake tsayawa, Sportline kuwa ya fi shi saukewa sosai. Idan aka wuce milimita 40, sai a fara taɓa lissafin ƙafar kanta. Yawancin waɗannan motoci suna da tsarin MacPherson a gaba, wato sifirin da shokazoba a haɗe wuri ɗaya, inda hannun ƙasa mai riƙe da ƙafar yake ɗan gangarowa daga jikin mota zuwa taya. Idan motar ta sauka da yawa, hannun yakan koma yana kallon sama ta wajen taya, sai motar ta ƙara son karkata, sabon sifirin ya ɓata taurinsa wajen yaƙi da matsalar da shi ya jawo. Tayarod, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, shi ma yakan sauya kusurwa, har sitiyari ya riƙa fizga da kansa idan an hau tudu.

A kuma lura da inda mai sayarwa ya fara awonsa. Golf GTI na zubi na bakwai, wato Golf 7, tun daga masana'anta ya fi Golf na gama-gari sauka da milimita 15. Sifirin da aka ce yana saukar da Golf da 35, a kan GTI kusan 20 za a gani. Haka motar da tsohon sifirinta ya riga ya saki, ba za ta nuna duk saukar da aka rubuta a kwali ba.

Sunan mota kaɗai ba ya isa a saya. Ana buƙatar shekara, lambar samfuri, irin inji da irin giya, domin injin dizal ya fi na fetur nauyi, giya mai sarrafa kanta ma haka. A jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin ɗakin inji akwai ɗan allo da ke nuna iyakar nauyin da gaba da baya za su ɗauka, sai a gwada shi da abin da takardar sifirin ta ce. A leƙa ƙarƙashin baya kuma: a Golf 7 masu ƙaramin inji suna da ƙarfe guda da ya haɗe ƙafafun biyu, masu babban inji kuwa kowace ƙafa da hannayenta, kuma sifirinsu ba ɗaya ba ne. Akwai sifirin mai tauri ɗaya daga farko har ƙarshe, akwai wanda zobbansa suka matsu a gefe guda, yana farawa da laushi ya ƙare da tauri. Na biyun ya fi daɗi a titi, na farkon ya fi sauƙin karantawa ga mai shiga filin tsere. Ana rubuta tauri da N/mm, kuma 30 na nufin kusan kilo 3 ne ke matse shi milimita ɗaya.

Sai shokazoba, wanda a nan ne ake yawan tsuke aljihu a yi asara. Aikinsa shi ne ya hana sifirin yin ta lilo bayan ya matsu. Sifirin mai tauri yana dawowa da ƙarfi, shokazoban da ya gaji ba zai iya riƙe shi ba, sai motar ta riƙa rawa bayan kowane tudu, nan da nan kuma mai ya fara tsiyaya. Idan shokazoban ya yi kilomita 80,000 ko fiye, shawarata a canza shi tare, tunda wahalar kwancewar ɗaya ce. Shokazoba samfurin Bilstein B8 an gajarta sandarsa musamman saboda gajeren sifirin, ta yadda sifirin ba zai saki mazauninsa ba idan ƙafa ta rataya. Koni Sport kuma ana iya saita ƙarfin dawowarsa. A sayo hular sama, wadda ke haɗa kan shokazoba da jikin mota, da boris ɗinta, da robar kare ƙura, da robobin da sifirin ke zama a kai.

Yanke sifirin asali da injin yanka, ko gasa shi da wutar walda har ya lanƙwasa, kada a kusance shi. Wuta tana kashe taurin da aka horar da ƙarfen a kai, zai ci gaba da sauka ba daidai ba har ya karye. Yanka kuma yana cire bakin da aka tsara ya zauna a mazauni.

Kafin a kwance komai, a tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a daidaita iskar taya, a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin rumfar taya a ƙafafu huɗu, a rubuta. A sassauta notin wili tun motar tana ƙasa. A ɗaga ɓangarorin gaba biyu tare, domin idan gefe ɗaya aka ɗaga, sandar sitabilaiza, wadda ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, takan murɗe, linkinta ya ƙi fita. A ɗora motar a kan matokaran ƙarfe. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙe mota a kan mutum ba.

A fara cire wayar sensa ta ABS da tiyon birki daga maƙalansu a jikin shokazoba, sannan linkin sitabilaiza, ana riƙe tsakiyarsa da alanki don kada ya yi ta juyi. A wasu motoci bolti biyu ne ke haɗa shokazoba da kan ƙafa, sai a yi musu alama da fenti kafin a kwance. A Golf da Focus kuwa shokazoban yana shiga cikin wani baki ne da bolti guda ya matse, akwai ɗan ƙarfe na musamman da ake sawa a tsagar a murɗa ya buɗe ta. Kafin kan ƙafar ya saki, a ɗaure shi da waya ko a tokare shi daga ƙasa. Idan ya faɗo waje, yakan zare shaf daga kofinsa na ciki, ya kuma ja tiyon birki. A sama, notin gefe na hula ake kwancewa. Noti na tsakiya shi ne yake riƙe da sifirin, ba a taɓa shi sai an matse.

Matse sifirin shi ne wurin da ake jin rauni. Sifirin gaba a matse yana riƙe da ƙarfin ɗaruruwan kilo. A sa ƙarfen matsi guda biyu suna fuskantar juna, a shafa giris a zarensu, a riƙa ɗaure wannan kaɗan a koma wancan, da hannu, ba da bindigar iska ba. Idan gefe ɗaya ya riga, sifirin yakan lanƙwashe, ƙugiya ta zame. Fuska da ƙirji su kauce daga saitin hular. Sai an ga sifirin yana motsi a mazauninsa sannan a kwance notin tsakiya, ana riƙe kan sandar da alanki. Bindigar iska tana juya sandar da gudu ta lalata sil, robar da ke tare man shokazoba, filaya kuma tana karce ta, karcen ya ci sil ɗin daga baya.

A jera kayan a ƙasa yadda suka fito. Na gaba da na baya kowanne da lambarsa a jiki, a gwada da takarda. A mazaunin ƙasa akwai ɗan mataki, bakin zoben ƙarshe dole ya je ya tsaya a jikinsa. Idan aka bar shi ya hau kan matakin, wannan ƙafar za ta fi 'yar'uwarta tsayi, kuma za a ji ƙas-ƙas duk lokacin da aka juya sitiyari. Hular sama sau da yawa tana da kibiya da ke nuna gaba ko waje. Robar tarewa kuma, wasu kamfanoni suna sako gajeruwa a kwali, wasu su ce a yanke wani adadi, wasu su ce a bar ta. A bi takarda, amma kada a jefar da ita gaba ɗaya.

Baya ya fi sauƙi, tunda yawanci sifirin daban yake da shokazoba. A sa jak ƙarƙashin hannun, a cire bolti, a sauke a hankali har sifirin ya saki. Idan motar tana da fitila mai saita kanta, akwai siririn hannun sensa a jikin ƙafar, a cire shi tukuna don ba ya jure ja.

Ga matakin da aka fi tsallakewa. Robar bushin hannaye manne take da ƙarfen ciki da na waje, murɗewa take yi idan ƙafa ta motsa. Idan aka ɗaure boltinta ƙafa tana rataye, da an sauke motar sai robar ta zauna a murɗe, ta tsage da wuri, ta kuma hana motar zama daidai. Saboda haka a bar waɗannan bolti a sassauce, a ɗora nauyin motar a kan tayoyinta ko a ɗaga hannun da jak zuwa tsayin tafiya, sannan a ɗaure. Har bushin da ba a kwance ba ya kamata a sassauta shi a sake ɗaurewa, domin a tsohon tsayi aka ɗaure shi. Komai da sifanar awo, bisa adadin littafin motar. Inda aka rubuta adadi da ƙarin digiri 90 ko 180, wannan bolti miƙewa yake yi, sau ɗaya ake amfani da shi. Notin wili a Civic da yawa Nm 108 ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a Golf 120, a sake duba su bayan kilomita 50 zuwa 100.

Daga nan sai alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, na ƙafafu huɗu, bayan 'yan kwanaki ana hawa a hankali don robobi su zauna. Saukar da mota yakan sa saman taya ya karkata ciki, kuma digiri 1 zuwa 1.5 ba matsala ba ne, yana ma taimako a kwana. Abin da ke cinye taya shi ne bakinta ya kauce daga saitin tafiya. Kaucewar rabin digiri na nufin ana jan tayar a kaikaice kusan mita 9 a kowace kilomita. Idan aka shafa tafin tayar aka ji kaifi ta gefe guda, santsi ta ɗayan, wannan ne. Idan karkatar ta wuce abin da za a iya saitawa, akwai bolti mai ƙusumbi na gaba da hannaye masu saiti na baya.

A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a duba ko taya tana gogar rumfa ko tiyo. A sake saita fitila, sannan motar da ke da kyamara ko rada ta taimakon direba a kai ta a daidaita su. Doka ma ta bambanta: a Jamus irin wannan sifirin yana zuwa da takardar gwaji, sau da yawa kuma sai cibiyar duba motoci irin TÜV ta ga aikin, a Ingila kuwa dole a sanar da kamfanin inshora. A ƙarshe a maimaita awon farko. Idan hagu da dama sun bambanta da fiye da milimita 10, a koma a duba zaman bakin sifirin da ɗaurin bushin kafin a zargi sifirin kansa.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai karatu, ma'aikacin ƙafafun mota