Likitan gidanmu ya ci mini fuska a gaban iyalina, in canza shi?

Assalamu alaikum Malam. Ya aiki, ya haƙuri da mu masu kawo kuka? Don Allah a sakaya sunana, domin waɗanda zan yi magana a kansu suna sauraron shirin nan.

Malam, raina a ɓace yake, ko barcin kirki ban samu ba. Likitan da ke duba iyalina ne ya ci mini fuska a gaban matata, a kan ciwon da ni nake ɗauke da shi a jikina, ba shi ba. Ni magidanci ne, shekarata 48, kuma watannin baya aka ce ina da ciwon suga, nau'i na 2.

Sai na ɗan koma baya kafin ka gane. Wannan likita ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ke riƙe da fayil ɗin gidanmu tun yara suna ƙanana, shi ya gano hawan jinin matata, kuma shi ya yi jinyar mahaifina har Allah ya karɓi abinsa. Shi ma Baba sugan ne. Ɗan ƙaramin ciwo ne ya fito masa a yatsan ƙafa, bai ma ji zafinsa ba, ya zama gyambo, aka cire yatsan, daga baya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ni nake riƙe kwanon ruwa idan ana wanke masa, har yau ban manta warin ba. Likitan nan yana tsaye a wurin, ya san duk wannan.

Da ƙafata na je wurinsa, ba wanda ya tura ni. Ƙishirwa ce ta dame ni, ga tashi fitsari cikin dare, ga gani dishi-dishi idan ina karatu. Aka ɗebi jinina da safe kafin in ci komai, ya fito 192. Ya ce daga 126 zuwa sama ai suga ne idan an maimaita gwajin an samu haka. Aka yi wani gwajin, HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce, nawa ya fito 9.3, alhali daga 6.5 ake cewa mutum yana da ciwon. Ya ce so yake mu sauko da shi ƙasa da 7. Ya rubuta mini ƙwayar maganin suga mai suna metformin, miligiram 500, ya ce za a ƙara a hankali. In riƙa tafiyar ƙafa minti 150 a mako, in rage ƙiba, in kai fitsari a duba ƙoda, in je wurin likitan ido. Ya sa na cire safa, ya riƙa taɓa tafin ƙafata da wani siririn zare mai tauri yana tambaya ko ina ji. Duk wannan fa idonsa na kan kwamfuta. Bai ɗago ya ce mini sannu ba. Na fito da takardu a hannu, kaina na juyawa.

Maganin nan Malam, wallahi bai karɓe ni ba. Gudawa, tashin zuciya, ciki ya yi ta ƙugi. Ina tsakiyar taro a wurin aiki na miƙe da sauri na fita, yaran da ke ƙarƙashina suna bi na da ido. Yanzu yana cewa wai ya gaya mini in sha tare da abinci. Ni ban ji ba, kuma wanda aka yi wa irin wannan albishir ta yaya zai riƙe kowace magana? Na kira wayarsa bai ɗauka ba. Ma'aikaciyar da ke karɓar kati ta ce in jira ranar da aka ba ni. To sai na ajiye ƙwayar. Ajiyewa na yi kafin in gan shi, ban ce na daina ba. Na bar kayan zaƙi gaba ɗaya, ina tafiyata da yamma idan aiki ya bari, na sayi na'urar auna suga ina huda yatsa da safe. Wata rana ta nuna 140, na rubuta a littafi. Ranakun da ta nuna sama da 200 ban rubuta ba, don na ji an ce tsinkayen gwajin suna lalacewa idan zafi ya buge su.

Ashe matata tana ƙirga ƙwayoyin da ke cikin kwali. Ranar komawa ta ce za ta raka ni, na ɗauka kulawa ce. Sakamakon HbA1c ya fito 9.0. Kafin in buɗe baki ta zaro kwalin daga jakarta ta ajiye masa a kan tebur. Ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce, "So kake in sake ganin abin da na gani a ƙafar Baba?" A gabanta, Malam. Mutumin da na ɗauka ɗan'uwa, ya ɗauko gawar mahaifina ya buge ni da ita.

Sai a lokacin ya ce wai akwai irin metformin ɗin da ke narkewa a hankali, wanda bai cika damun ciki ba. Me ya hana ya faɗa tun farko? Ya ƙara mini ƙwayar rage kitsen jini, sannan ya ce idan sugan ya ƙi sauka akwai wasu magunguna, har da allurar insulin. Ni na san barazana ce. Baba sai da aka ɗora shi kan allurar nan sannan ƙafar ta tafi. Na ji ana cewa ba allurar ke jawo haka ba, sugan da ya daɗe yana sama ne ke lalata jijiyoyi da hanyoyin jini, amma zuciyata ta ƙi yarda.

Tun ranar gidana ya canza. Ita ke auna abin da zan ci, ita ke tsaya mini a kai har in haɗiye ƙwaya, kamar yaron da ake yi wa ɗure. Na ji tana ba 'yar'uwarta labari a waya. Ciwon da ban gaya wa ko abokaina ba. Na ce mata zan canza likita, ta ce in na canza ita da yara ba za su bi ni ba, don shi ya san tarihinsu. Ka ga ke nan bakinsu ɗaya.

Abin da nake son ka gaya mini, laifi ne mutum ya bar likitan da ya daina ganin mutuncinsa? Ko kuwa ita ya kamata in fara zama da ita, tunda da ba ta fito da kwalin ba da na yi masa bayani da kaina a tsanake? Wurin likitan ido dai ban je ba tukuna, takardar na nan. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba: da daddare yatsun ƙafata ta hagu suna mini kamar ana tsira allura, wani lokaci su yi nauyi. Da niyyar faɗa masa na je ranar, maganarsa ta rufe mini baki. Idan na kai wannan wurin sabon likita, dole ne sai ya nemi fayil ɗina daga wurin wancan, har shi da matata su ji?

Na gode Malam, Allah ya saka da alheri.

Naka mai sauraro a kullum.